Shuni a Wuyan Farar Riga

Mutumin da ya fara zama a kujerar banki da rawani a birnin Agadas shi ne Mamman ɗan Bahago, na unguwar Dagmanet, a shekarar da babban fari ya koro makiyaya bakin gari suna sayar da abin da ya rage musu. Nasaran da yake shugabancin reshen a wancan zamani ya umarce shi da ya warware, ya sa bes da karabat, wato kwat da ƙyallen ɗaure wuya irin na Nasara, kamar sauran ma'aikatan biro. Mamman ya amsa masa cewa ranar da aka ɗauke shi aiki, da kansa da rawaninsa aka ɗauka, idan kuwa ana so a sallami ɗaya, to, a sallame su tare. Nasaran ya yi nazari, ya ga makiyaya da fataken gishiri ba su yarda su zauna gaban kowa sai mai rawanin nan, sai ya ƙyale shi. Tun daga ranar, teburin da yake kusa da ƙofa bai taɓa ganin kai a buɗe ba. Bankin ya canza suna, ya canza fenti, ya canza masu shi. Da Mamman ya tsufa, ɗansa Tijjani ya gaji teburin, ya gaji naɗin.

Wannan tarihi ne Malam Tijjani yake maimaita wa kansa a safiyar wata Talata, yana tsaye tsakar ɗakinsa, yana naɗa rawaninsa na alasho, mai shuni da ƙyalli. Naɗin ya kwance masa, abin da bai taɓa faruwa ba tun yana saurayi, ya sake ɗauko shi daga farko.

A kan gado, matarsa Ramatu ta ajiye farar riga shamis, da baƙin wando, da jan karabat, duka a goge. Sababbin masu bankin sun aiko umarni daga Yamai cewa kowane namiji, daga shugaban reshe har mai gadi, zai riƙa sa waɗannan kaya, kai a buɗe, ba hula ba rawani, domin reshen Agadas ya zama daidai da na kowane gari. An kawo kayan tun farkon wata. Kowa ya sa nasa, Malam Tijjani kaɗai ya kai nasa gida ya ba Ramatu ta ajiye. Yau kuma ita ce ranar da wakiliyar masu bankin za ta sauka daga jirgi, ta duba reshen, ta koma da shawara a kan shugabansa.

Shugaban nan kuwa, Zaharaddin, na riƙo ne, ba a tabbatar da shi ba tukuna. Shi ne kuma mijin Hafsa, ƴar autar Malam Tijjani.

A tsohon garin Agadas, suruki ba ya ambatar sunan surukinsa, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya kallon fuskarsa kai tsaye, balle ya gan shi kai a buɗe. Tun da aka kawo Zaharaddin reshen, maganar da take tsakaninsu ba ta wuce gaisuwar safe ba, shi ma yaron sai ya rusuna yana kallon ƙasa. Idan akwai saƙon aiki, ta bakin wani yake bi. Har yau bai taɓa ce wa surukinsa komai a kan kayan ba, ko da kansa ko ta bakin wani. Hafsa ce ta zo jiya da la'asar, ciki ya yi mata nauyi, ta zauna a ɗakin uwarta ta daɗe tana zancen tsadar tumatir. Sai da za ta tafi ta ce, da murya wadda ta san za ta kai zaure, an gaya musu idan ba a tabbatar da mijinta ba, za a mayar da shi wani ƙaramin reshe can gabas, kusa da tafki, kuma ita ba ta san kowa a can ba.

Ramatu ta ninke kayan ta sa a leda, ta rataya a kan babur ba tare da ta tambaye shi ba.

"Malam, ba cewa na yi ka sa ba," in ji ta. "Cewa na yi ka tafi da su."

Ya ja amawali ya rufe bakinsa, ya tada babur.

A hanya ya yi ta duban suturar maza kamar wanda ya zo garin baƙo. Ga ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da riguna marasa hannu masu aljihu ta ko'ina. Ga matasa masu haƙar zinari, sun sauko daga daji da manyan takalma da baƙin gilashi. Ga wani malamin lakkol, makarantar boko, da bes a cikin wannan zafi. Ya tuna cewa a idonsa aka yi zamanin bes da karabat, aka yi zamanin riga da wando masu gajeren hannu da ake kira kayan ma'aikata, aka yi zamanin da manya suka koma shadda da babbar riga har masu karabat suka riƙa jin kunya. Kowane zamani ya zo da umarninsa, kuma kowane umarni ya kewaye teburin bakin ƙofa ya wuce. Ya gaya wa kansa wannan ma haka zai yi. Amma a duk waɗancan zamanai, wanda zai biya diyyar taurin kansa shi ne da kansa. Yau ba shi ba ne.

Ya tarar da reshen an share, an goge gilasai, an jera furannin roba da ba a san inda aka samo su ba. Maza duka fari da ja, wuyansu a shaƙe. Wanda ya fara tarar sa shi ne Issouf, mai kula da gishe, tagar biyan kuɗi, Bazabarme ɗan Doso, sa'ansa kuma abokin wasansa ta wajen uwa, wanda shi ne yake ɗaukar saƙo tsakanin surukan biyu.

Issouf ya dubi ledar da take hannunsa, ya ce ashe ɗan buzaye ya zo da igiyarsa, saura a nemo turke. Malam Tijjani ya ce ai ya ga an riga an ɗaure ragon Doso, har idanunsa sun fara fitowa. Issouf ya yi dariya, ya sa yatsa ya sassauta karabat ɗinsa, sannan ya rage murya ya isar da saƙo. Shef, wato Zaharaddin, ya ce akwai mota a bayan banki, da direba, da man da zai isa. Ƙungiyar masu gishirin Tegidda tana da takardun da ake so a sa wa hannu a Ingal, kuma ba wanda suke amincewa da shi sai Baba. Idan ya tashi yanzu, zai dawo bayan baƙuwa ta koma masaukinta.

Malam Tijjani ya zauna a kujerarsa, ya gyara babbar rigarsa. Ya san waɗannan takardu, ya san ba su da gaggawa ko kaɗan. Ya gane yaron ya nemo masa hanya ce mai sauƙi, ya kuma gane irin tunanin da ya sha kafin ya samo ta. Sai dai abin ya soke shi fiye da umarnin Yamai.

"Ka gaya masa na gode," in ji shi. "Ka gaya masa kuma Mamman ɗan Bahago ya zauna a nan gaban Nasara, ba a fitar da shi ta ƙofar baya ba kamar tsintsiya ranar baƙi. Ni ma ba za a fitar da ni ba."

"To, da rawanin za ka tare ta?"

"Ban ce ba."

"Da kan naka a buɗe?"

"Shi ma ban ce ba."

Issouf ya ce shi dai ɗan aike ne, amma bai taɓa ɗaukar saƙon da ba shi da kai ba shi da wutsiya irin wannan ba. Ya tafi.

Biron shugaba, wato ofishinsa, na gilashi ne, yana fuskantar teburin bakin ƙofa, ta yadda idan ɗaya ya ɗaga kai dole ya ga ɗayan. Malam Tijjani ya ga Issouf ya shiga, ya ga ya sunkuya ya yi magana. Zaharaddin ya ɗauki gorar ruwa ya kai baki, ya ajiye ba tare da ya sha ba. Bayan shamis ɗinsa ya jiƙe da gumi duk da sanyin na'ura. Ya jawo wani fayil, ya buɗe, ya rufe, ya mayar inda yake. Malam Tijjani ya jira saƙo na biyu, na roƙo ko na umarni, har ya shirya amsar kowanne. Issouf ya fito ya wuce gishensa hannu rabbana. Zaharaddin yana da ikon da zai rubuta wa surukinsa takardar gargaɗi tun farkon wata, ya wanke kansa a gaban Yamai, bai yi ba. Yanzu ma ya zaɓi ya tari baƙuwar a haka, ya sha abin da zai sha.

Ƙarar jirgi ta ratsa saman gari. Wata ma'aikaciya ta ce baƙuwar ta iso, kowa ya hau gyara wuyan riga. Zaharaddin ya fito zai tafi tarya, ya biyo ta gaban teburin, ya rusuna kamar kullum, ya ce, "Baba, sai na dawo."

Malam Tijjani ya bi bayan motar da kallo har ta sha kwana. Ya tuna ranar da aka naɗa masa rawanin farko, a zauren gidansu, kawunsa yana naɗawa, malamai suna addu'a, ubansa yana gaya wa jama'a cewa daga yau a riƙa yi masa magana kamar babba. Ya tuna Hafsa jiya, yadda ta dafa bango kafin ta iya miƙewa. Ya yi lissafin nisan gabas, da lalacewar hanyar, da Ramatu wadda gwiwarta ba ta jure mota. Ya ɗauki ledar, ya ce wa Issouf ya biyo shi.

A ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli ya tuɓe babbar riga da taguwa, ya sa wandon da ya kama masa ƙugu, ya sa shamis. Sannan ya kai hannu ga alashon. Ya warware shi ninki bayan ninki, yana tattarawa a damtsensa don kada ya taɓa ƙasa. Da ninkin ƙarshe ya sauka, sanyi ya daki ƙeyarsa, ya ji kamar an cire rufin ɗaki. A jikin ƙofar akwai ɓallen madubi. Ya ga wani tsoho mai furfura, kunnuwansa a waje, kewayen idanunsa da karan hancinsa baƙi ƙirin saboda rana, goshi da haɓa kuwa sun fi haske, shunin alasho na shekaru ya rina su shuɗi. A garin nan, wannan rini shaida ce cewa mutum yana naɗa mai tsada, ba na kanti ba. Amma ana hango shi ne a gefen amawali, ba a baje shi a fili.

Ya ɗauki karabat ya juya shi, ya sake juyawa. Mutumin da yake naɗa kamu da yawa na alasho ba madubi ya kasa ƙulla ɗan ƙyallen da bai fi kamu uku ba. Issouf ya karɓa, ya ɗaga masa wuyan riga, ya ƙulla masa. Malam Tijjani ya jira tsokanar da ya san za ta zo. Issouf ya gyara ƙullin, ya kawar da kai, ya ce kawai, "Ya yi." Ya fita ya riga shi.

Da ya koma teburinsa, reshen ya yi tsit. Matasan suka sunkuyar da kai kan na'urorinsu. Mai gadi ya juya yana duban titi. Ya sa alashon a aljihun tebur, ya zauna, bai san inda zai ajiye fuskarsa ba.

Baƙuwar, Madam Asiya, mace ce matashiya mai fara'a. Iyayenta mutanen Maraɗi ne, amma a Abijan ta girma, Hausarta tana jingina da Faransanci. Aka jera ma'aikata layi ɗaya. Zaharaddin ya shigo a bayanta yana bayani, idonsa ya faɗa kan teburin bakin ƙofa, bai ga babbar riga ba. Ya duba ƙasan layin, ya ga takalman surukinsa a ƙarƙashin baƙin wando. Maganarsa ta yanke. Daga wannan lokaci bai sake ɗaga kai sama da gwiwar kowa ba.

Ya bi layin yana gabatar da mutane da sunansu da aikinsu, yana kallon siminti, har Madam ta juyo ta dube shi da mamaki. Da suka iso kan mutum na ƙarshe, ya buɗe baki ya rufe. Sunan da ake jira ba sunan da zai iya furtawa ba ne, ko a bayan idon mai shi, balle a gabansa. Madam ta jira. Ta tambaya da Faransanci ko shef bai san ma'aikatansa ba ne. Ta yi tambayar da murmushi, amma alƙalaminta yana kan takarda. Malam Tijjani ya ji gumi yana gangaro masa daga ƙeya zuwa cikin wuyan riga. Ashe ya buɗe kansa ne don ya ceci yaron, ga shi buɗewar tana neman ta kayar da shi.

Ya matsa gaba taki ɗaya.

"Madam, Tijjani ɗan Mamman ɗan Bahago, mai karɓar abokan ciniki. A wannan reshe, tun zamanin ubana, mai teburin bakin ƙofa shi yake faɗin sunansa da kansa. Shef yana kiyaye tsarin gida ne."

Babu wani tsari irin wannan a zamanin ubansa. A ranar aka fara shi, kuma shi ya fara.

Madam ta ce abin ya burge ta, ta rubuta wani abu. Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta yaba da gugar shamis ɗin, ta ce da an gaya mata a Yamai cewa a Agadas za ta sami tsofaffi masu wuyar sha'ani, ga shi ta tarar da reshen da ya fi kowanne bin tsari. Sannan ta buɗe jakarta, ta zaro ƴar takardar goge fuska, ta miƙa masa da hannu biyu, cikin ladabi.

"Baba, alƙalamin bik ya fashe maka. Ga shi nan duk a goshinka."

Malam Tijjani ya karɓa, ya yi godiya. Ya riƙe takardar a hannunsa har suka shige biron gilashi suka rufe ƙofa.

Suna ciki ne wani tsohon falke mai suna Ɗanliti ya shigo, mutumin Ingal, wanda tun yana bin raƙuman ubansa yake zuwa wannan tebur. Ya tsaya yana dube-dube. Idonsa ya bi ta kan fuskar da take gabansa ya wuce. Ya yi sallama irin wadda ake yi wa baƙo, ya ce da guntun Faransancinsa, "Mushe, don Allah, mai rawani nake nema. Malam Tijjani."

Malam Tijjani ya san idan ya yi magana da muryarsa ta kullum, mutumin zai gane shi, zai kawar da kai, su duka biyu su rasa abin da za su yi. Ya rage murya ƙasa-ƙasa.

"Bai zo ba yau."

Ɗanliti ya ce Allah ya sa lafiya, zai dawo wani lokaci. Ya juya ya fita.

Bayan la'asar, da aka raka Madam masaukinta, Issouf ya kawo saƙo. Ta gaya wa shef za ta rubuta a tabbatar da shi, sai dai ta shawarce shi ya koyi kallon mutane a ido, domin shugaba ba ya magana da siminti. Issouf ya ce akwai kuma saƙo na biyu, amma shef ya fara shi ya kasa ƙarasawa, don haka ba shi da abin da zai isar. Malam Tijjani ya ce ya ji duka biyun.

Kafin a tashi, ya ga mai gadi a cikin biron gilashi da manyan takardun tallan banki da gam, yana manna su a ɓangaren da yake fuskantar ƙofa, daga tsayin ƙirji zuwa sama, Zaharaddin yana riƙe masa kujera, ya juya baya.

Malam Tijjani ya koma ɗakin fayiloli, ya sa babbar rigarsa, ya naɗa alashonsa, ya hau babur. A gida Ramatu ta zazzage ledar, ta ɗaga shamis ɗin gaban haske. Gumin yini ya sauko da shunin wuyansa ya zauna a cikin wuyan rigar, layi guda shuɗi daga gefe zuwa gefe, har ya ɗan leƙo waje. Ta ce wannan sabulu ba zai fitar da shi ba, sai ta jiƙa shi a ruwan zabel mai cire tabo kafin gobe.

"Ki wanke jikin, ki goge," in ji shi. "Wuyan ki bar shi yadda yake."

Ga abin da wannan Talata ta bari. Zaharaddin ya sami kujerarsa. Hafsa za ta haihu a ɗakin uwarta. Masu banki sun sami reshe fari da ja tun daga shugaba har mai gadi. Teburin Mamman ɗan Bahago ya ga kai a buɗe, kuma gobe zai sake gani, kuma wata rana Ɗanliti zai dawo, dole a ba shi wata amsa. Abin da aka riƙe kuwa shi ne wannan: suruki bai furta sunan surukinsa ba, bai ga kansa ba, kuma da takardun nan a jikin gilashi ba zai gani ba. Alashon yana shiga aljihun tebur da safe, yana fitowa da yamma. A cikin fararen rigunan reshen duka, akwai guda ɗaya mai shuɗin wuya.